Tuddan Kerang da Ampang: Tafiya a Kan Duwatsun da Suka Daina Aman Wuta

A kudu maso gabashin birnin Jos, cikin ƙasar Mwaghavul da ke ƙaramar hukumar Mangu ta Jihar Filato, akwai wasu tuddai da suka jeru daga wajen Panyam zuwa Kerang da Ampang, waɗanda siffarsu ta bambanta da ta duwatsun da aka fi sanin jihar da su. Duwatsun Shere da na Riyom manyan curi-curi ne masu tauri, wani a kan wani, mafi yawansu tsirara babu ƙasa a jikinsu, amma waɗannan tuddai sumul suke, masu faɗin gindi da tsukakken kai, ciyawa ta lulluɓe su tun daga ƙasa har sama, kuma a kan da yawa daga cikinsu akwai wani zagayayyen kwari wanda ba ya bayyana sai ga wanda ya hau. Masana ilimin ƙasa da duwatsu sun tabbatar cewa kowannensu dutse ne mai aman wuta da ya daina aiki tun kafin a fara ajiye tarihi, kuma sun lissafa irinsu sama da 20 a faɗin tsaunin Filato, ciki har da na Kassa da ke kusa da Barikin Ladi da na yankin Miango. Ba su da tsawon da zai gagari mutum mai matsakaiciyar lafiya, kuma wanda ya taka ɗayansu a hankali, yana duban abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, zai gane dalilin da ya sa ƙasar wannan yanki take da albarkar noma da ruwa fiye da ta maƙwabta.

Fahimtar abin da ƙafa ke takawa tana buƙatar a fara da yadda tuddan suka samu. A can ƙarƙashin ɓawon ƙasa, wato sashen dutse mai tauri da ya lulluɓe duniya, akwai wuraren da tsananin zafi da raguwar nauyin da ke danne dutse kan sa wani ɓangarensa ya narke, kuma wannan narkakken dutse, wanda masana ke kira magma, bai kai dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba, saboda haka yakan nemi tsaga ya taso. Yana ɗauke da tururin ruwa da wasu iskoki a narke a cikinsa, waɗanda ke kumbura yayin da ya kusanto sarari, har su fasa shi su watsa shi sama gutsi-gutsi, da zafin da ya kai digiri 1,000 zuwa 1,200 a ma'aunin Salsiyas. Gutsattsarin kan sandare tun suna sama, su zubo a kewayen ramin da suka fito, su yi ta taruwa har su zama tudu, ramin kuma ya zauna a tsakiya a matsayin bakin dutsen. Idan iskar ta ragu sai sauran narkakken dutsen ya malalo a hankali ta gindin tudun ko ta gefen bakinsa, ya bi kwari ya yi tafiyar kilomitoci, sa'an nan ya daskare ya zama baƙin dutse mai nauyi da ake kira basalti. An ga irin wannan da ido a ƙasar Meziko ranar 20 ga Fabrairun 1943, lokacin da ƙasa ta tsage a gonar masarar wani manomi mai suna Dionisio Pulido, ta fara fitar da hayaƙi da toka; cikin shekara guda tudun da aka sa wa suna Parikutin ya haura mita 300, malalarsa ta binne garuruwa biyu, ya ci gaba da aiki har 1952, ya tsaya a tsawon mita 424, kuma daga nan bai sake motsi ba. Tuddan ƙasar Mangu na wannan dangi ne.

Tsaunin Filato, wanda matsakaicin tsayinsa daga matakin teku ya kai kimanin mita 1,280, ya ga zamanin wuta fiye da ɗaya, kuma mai ziyara da ya haɗa su a gwama zai ruɗe. Zamani na farko ya faru kimanin shekaru miliyan 160 da suka wuce, lokacin da manyan duwatsu masu aman wuta suka tsaya a yankin, waɗanda ruwa da iska suka cinye su ƙarmus tun da daɗewa, aka bar saiwoyinsu kaɗai, wato narkakken dutsen da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa ya zama giranit, dutse mai haske da manyan ƙwayoyi. Duwatsun Shere, inda tsaunin ya kai ƙololuwarsa ta mita 1,829, daga cikinsu suke, kuma jerinsu ya taso ne tun daga tsaunukan Ayar na Jamhuriyar Nijar, ya bi ta Damagaram, ya shigo ta Riruwai a kudancin Jihar Kano da Ningi a Jihar Bauchi, yana raguwa a shekaru gwargwadon yadda ya yi kudu. Wannan giranit shi ne uwar kuza. Zamani na baya kuwa shi ne na basalti, wanda ya zo kashi-kashi, kuma tuddan da har yanzu suke riƙe da siffarsu suna cikin kashin ƙarshe, wanda gwaje-gwajen da aka yi wa duwatsunsa suka nuna shekarun da ba su wuce miliyan ɗaya zuwa biyu da ɗoriya ba. Tsakanin zamanin biyu akwai wata alaƙa da masu haƙar kuza suka sani sarai: malalar basalti ta bi tsoffin kwaruruka ta rufe yashin koguna mai ɗauke da kuza, shi ya sa a wasu wurare sai da kamfanonin haƙar ma'adinai na zamanin Turawa suka ratsa baƙin dutse kafin su kai ga abin da suke nema.

Hanyar zuwa ta tashi daga Jos ta bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a da Heipang, inda filin jirgin saman jihar yake, ta wuce Barikin Ladi zuwa Mangu, daga nan ta gangara Panyam, garin da ya yi suna da gonar kifin da aka kafa tun zamanin mulkin mallaka. Daga Panyam tuddan kan fara bayyana, kuma jeruwarsu a kan layi guda ba ta rasa dalili ba, domin tana nuna inda wata doguwar tsaga ta ratsa ɓawon ƙasa, narkakken dutse ya riƙa fitowa ta wurare daban-daban a tsawonta. Abu na farko da ya kamata baƙo ya sani shi ne cewa babu tudun da ba shi da masu shi. Gindinsa gonakin iyalai ne, gangarensa makiyaya ce ko wurin yankan ciyawar jinka, kuma a ƙasar Filato tuddai da kurmi da yawa suna da alfarma a al'adar gargajiya, akwai inda ba a taka su sai da izini. Ladabin wurin shi ne a fara zuwa wajen mai unguwa ko dagaci a gabatar da kai, a nemi a haɗa mutum da ɗan gari da zai yi masa jagora, a kuma sallame shi da abin da ya dace idan an sauko. Hausa ce harshen kasuwa da na mu'amala a yankin, saboda haka “sannu da aiki, Baba” ko “sannu da aiki, Mama” ga wanda aka tarar a gona ta isa buɗe zance, kuma sau da yawa manomin da ya shekara talatin yana huɗa a gindin tudu ya fi kowace taswira sanin inda ruwa ke fita da inda ƙasa ke zamewa.

Tafiyar takan fara ne ta tsakanin gonaki, a kan 'yar turba mai shingen ƙerana a gefe da gefe, kuma a nan ne ya dace a fara sunkuyawa a ɗebi ƙasa a hannu. Ƙasar da ta samu daga ruɓewar giranit yashi-yashi ce, mai haske, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki, amma wadda ta samu daga basalti ja ce mai duhu, mai laushi da danƙo idan ta jiƙe, tana da zurfi, kuma ta gaji ƙarfe da sauran sinadaran da shuka ke buƙata daga dutsen da ya haife ta. Jan launin na tsatsar ƙarfen da ke cikin dutsen ne. Idan aka haɗa wannan ƙasa da sanyin tsauni da ruwan sama na kusan milimita 1,400 a shekara, sai a fahimci abin da ya sa Mangu da maƙwabciyarta Bokkos suka zama cibiyar dankalin Turawa a Nijeriya, ga masara da ake lodinta a manyan motoci daga kasuwar Mangu zuwa Kano da kudancin ƙasar, ga kabeji da karas, ga kuma amfanin gona na asali irin su acca da tamba da rizga. A gefen kunyoyi akan ga tarin baƙaƙen duwatsu da manoma suka tsince daga gona shekara da shekaru suka jera su a matsayin iyaka ko madatsar zaizaya, kuma waɗannan su ne gutsattsarin malalar da ta taɓa rufe wurin.

Da zarar an bar gonaki an kama hawa, abin da ke ƙarƙashin takalmi yakan canza. Ƙasa takan ragu, sai tsakuwa baƙa ko ja mai kaushi, wadda ke gangarowa da mutum rabin taki duk lokacin da ya yi taki ɗaya. Wanda ya ɗauki ƙwaya ɗaya zai ji ba ta da nauyin da girmanta ya nuna, zai kuma ga jikinta duk ƙofofi ne ƙanana da manya, kamar kashin maƙera da ake tsinta a kufan tsoffin matoyar tama. Ƙofofin gurbin kumfar iskar da ta maƙale ne a lokacin da dutsen ya sandare, kuma masana na kiran wannan tsakuwa sikoriya. Wadda ta yi ja ita ce ta daɗe da zafi a cikin iska kusa da bakin dutsen har ƙarfenta ya yi tsatsa tun a lokacin. Jefi-jefi akan ci karo da wani curi mai tsini biyu ko mai murɗaɗɗen jiki, wanda ya sami siffarsa ne yayin da yake juyawa a sama yana narke, kuma a cikin wasu fasassun duwatsu na basalti akan ga ƙwayoyi kore masu ƙyalli da ake kira olibin, wani lokaci a dunƙule, waɗanda narkakken dutsen ya ɓalgato daga zurfin da ya haura kilomita 30 ya taho da su. Babu wata rijiya da ɗan Adam ya taɓa haƙawa da ta kai rabin wannan zurfi. Karkatar gangaren kuwa kusan iri ɗaya ce a duk irin waɗannan tuddai a ko'ina cikin duniya, wajen digiri 30, domin iyakar tsayuwar da tsakuwar da aka zuba za ta iya yi ke nan kafin ta zame. Zaizaya takan kwantar da ita sannu a hankali, saboda haka tudun da gangarensa ya fi kwanciya galibi shi ne ya fi tsufa. Wannan karkata ce ta sa hawa kai tsaye yake cin gwiwa, kuma bin turbar da shanu da masu yankan ciyawa suka fitar, wadda ke karkacewa dama da hagu, ya fi sauƙi, ya kuma fi tausaya wa tudun, domin sawun da aka yi a miƙe shi ruwan damina ke bi ya mayar da shi kwazazzabo.

A saman tudun ne ake samun sakamakon wahalar. Bakin dutsen zagayayyen kwari ne mai ciyawa, wani lokaci da 'yan bishiyoyi ko ma gona a cikinsa, saboda ƙasa da danshi na taruwa a can, kuma ana iya zagaya gefensa a ƙafa. A tuddai da dama zagayen bai cika ba, akwai giɓi a gefe guda, kuma wannan giɓi shi ne inda malala ta fasa bango ta kwashe wani sashensa ta fita. Wanda ya tsaya a bakin giɓin ya dubi ƙasa zai iya bin sawun malalar da ido, ta hanyar duhun ƙasa da cikar gonaki da yadda ƙoramu suka kauce suka bi gefenta, har zuwa inda ta ƙare ƙasar ta koma fari-fari. Daga nan ne kuma ake ganin sauran tuddan a jere, kowanne da nasa bakin.

Ruwa shi ne gado na biyu da wutar ta bari, kuma a wajen mutanen yankin bai gaza ƙasar noma daraja ba. Tudun sikoriya ba ya riƙe ruwan sama a bisansa, yana shanye shi ne nan take, basaltin da ke ƙarƙashi kuma ya tsattsage yayin da yake hucewa, saboda haka ruwa kan sauka ta ƙofofi da tsagogi yana tacewa, har ya tarar da tsohon dutse marar ƙofa ko yumɓun da malalar ta rufe, sa'an nan ya bi gefe ya ɓullo a gindin tudu a matsayin idon ruwa, wanda kan jure rani lokacin da rafukan ƙasar giranit suka ƙafe. Daga irin wannan maɓuɓɓuga ta Kerang ake ɗura ruwan kwalba na Swan tun cikin shekarun 1980. A yankin Ampang kuma akwai tafkin Pidong, ƙaramin tafki da ke zaune a cikin bakin wani dutse, wanda ba a ganinsa daga hanya sai an hau gefen kwarin an leƙa. Tafki irin wannan kan samu ta hanya biyu: ko dai laka ta toshe gindin bakin dutsen ruwa ya taru, ko kuma narkakken dutse ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa tun yana tasowa, ruwan ya zama tururi farat ɗaya, fashewar ta haƙa rami mai zurfi da ya kai matakin ruwan ƙasa. Tafkin Tila da ke tsaunin Biu a Jihar Borno shi ma a bakin dutse yake. Gaɓar irin waɗannan tafkuna takan yi zurfi ba zato, saboda bangon kwarin ya ci gaba da gangarawa a ƙarƙashin ruwa, don haka shiga wanka a cikinsu ganganci ne ga baƙo.

Tambayar da ba ta taɓa barin bakin mai ziyara ita ce ko dutsen zai sake tashi, kuma amsarta tana da rassa. A ƙa'idar da masana suka fi amfani da ita, dutsen da ya yi aman wuta cikin shekaru 10,000 da suka wuce ana lissafa shi cikin masu rai ko da yana shiru a yanzu, wanda kuma ya daɗe fiye da haka, aka ga alamar hanyar magmarsa ta toshe, shi ake cewa ya mutu. Tuddai irin na Kerang da Parikutin sau ɗaya suke aman wuta a rayuwarsu, domin siririyar hanyar da ta ciyar da su takan daskare da zarar aikin ya tsaya, saboda haka tsoron cewa bakin da mutum ke tsaye a kai zai buɗe ba shi da tushe. Abin da ba a yanke wa hukunci da sauƙi shi ne yankin gaba ɗayansa, tunda a irin waɗannan filaye sabon tudu kan fito ne a sabon wuri bayan hutun dubban shekaru. A gabas da Nijeriya akwai jerin duwatsun Kamaru, mai tsawon kusan kilomita 1,600 daga tsibiran Tekun Gini zuwa cikin nahiya, inda Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma a kan wannan jeri ne tafkin Nyos yake, wanda a daren 21 ga Agustan 1986 ya saki iskar kabon dayoksaid da ta taru a ƙarƙashinsa, ta gangara kwaruruka ta shaƙe mutane sama da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, shekara biyu bayan tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta hanya guda. Irin wannan masifa tana buƙatar sharuɗɗa uku a haɗe, wato zurfi mai yawa (na Nyos ya kai mita 200), da ruwan ƙasan tafkin wanda ba ya gauraya da na samansa, da iskar da ke shigowa daga ƙarƙashi ba yankewa, kuma tafkuna uku kaɗai aka sani a duniya da suka tara iska haka: Nyos da Monoun da Kivu na kan iyakar Ruwanda da Kwango. Pidong ba ya cikinsu, ko da yake masana daga Jami'ar Jos sun yi nazarin sinadaran ruwansa, kuma awo na lokaci-lokaci aiki ne mai arha da ya cancanci a ɗore da shi.

Haɗarin da ya fi kusa da mai tafiya na yau da kullum ne. Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, hadari kan taso da rana tsaka, kuma saman tudu marar bishiya mummunan wuri ne ga wanda tsawa ta tarar. Jan yumɓun gindin tudu kuma santsi gare shi, ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye rami da maciji. A tsakiyar hunturu hanya a bushe take amma hazo kan rufe nesa, sanyin safiya kuma yana buƙatar rigar sanyi ta gaske. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, ƙasa na kore, sararin sama kuma garau, ya fi dacewa, a fita da sassafe da takalmi mai kama ƙasa da sanda da ruwan sha. Sai batun tsaro, wanda ba a yi masa rufa-rufa: tun daga 2023 ƙasar Mangu ta sha fama da tashe-tashen hankula da suka ci rayuka da ƙauyuka, har gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita a Janairun 2024, saboda haka ba a kama hanya sai an tambayi mutanen gari halin da ake ciki a makon, kuma ba a kai magariba a daji.

Wanda ya ga tuddan Mangu yana so ya ga abin da zaizaya ke mayar da dutse mai aman wuta bayan miliyoyin shekaru, sai ya gangara daga tsaunin zuwa Wase a kudu maso gabashin jihar. A can babu tudu babu baki, domin duk abin da ya taɓa kewaye maƙogwaron dutsen ya tafi, an bar narkakken dutsen da ya daskare a cikinsa tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, da tsawon kusan mita 300 da bango a miƙe ta kowane gefe. Ana hango shi daga nisan kilomitoci masu yawa, yana cikin 'yan wurare ƙalilan a Afirka ta Yamma da kwasakwasa ke yin sheƙa, kuma hawansa ba na mai sanda da takalmin tafiya ba ne, sai gwanaye masu igiya da kayan aiki.